Awa Ɗaya da Kwata

Ranar Juma'a, ana gab da kiran salla,
wayar Hajiya Tasalla ta shigo daga Landan:
"Tanimu, nemo mini kujera zuwa Paris,
kwana biyu kawai, in sha iska in dawo,
Litinin da safe ina da aiki."

Ofishinmu na Ikeja, hawa na biyu,
ƙasa mai gyaran waya, gefe mai tuƙa amala.
Janareta na tari, fanka na juya zafi.
Na buɗe kwamfuta na shiga sararin Turawa
da silifas ɗina a ƙafa.

Ga jirgin ƙarfe huɗu, ga na shida da rabi.
Na zaɓa mata gefen taga, layi na bakwai,
gaba da fiffike, kar ya tare mata teku.
Jaka ɗaya ta hannu.
Awa ɗaya da kwata, in ji allo.
Na danna, kuɗi ya fita, tikiti ya tafi,
ta ce "Allah ya yi albarka," ta kashe.

Shekara tara ke nan ina raba wa mutane sama.
Na san ƙofofin filayen da ban taɓa takawa ba,
na san jirgi mai makara, na san mai ɓatar da kaya,
na san watan da Roma ke tsada.
Fasfona kuwa yana ƙasan akwati a Agege,
fari fat ciki da bai,
saura wata biyar ya mutu bai ga hatimi ba.

Ƙarfe shida na ja ƙofa.
Hadari ya haɗo ta wajen Oshodi.
Danfo ya cika, kwandasta na lilo a bakin ƙofa kamar jemage,
yana rantsuwa ba shi da canji.
Muka yi taku goma muka tsaya.
Ruwa ya kece, lambatu ya haura titi,
wata mata ta ɗora mini kwandon kifi a gwiwa
ta ce in yi haƙuri, cikin Yarbanci.
Mai tallan gyaɗa ya wuce mu sau uku da ƙafa,
a na uku har ya gaishe ni.

Can sai ga wani ya taso daga filin Ikeja,
ya bi ta kanmu da ruri, gilashi ya yi rawa.
Yaron da ke bayana ya ɗaga masa hannu.
Ni agogo na duba:
yanzu Hajiya ta ɗaura ɗamarar kujera,
yanzu an miƙo mata ruwa,
yanzu teku na ƙarƙashinta, ta inda na zaɓa mata.

Muna Mangoro waya ta yi motsi.
"Na sauka lafiya."
Ita awa ɗaya da kwata,
ni awa uku a cikin kwata,
wando naɗe, takalmi a hannu.

Kande ta ɗumama miya sau biyu.
Ladidi ba ta yi barci ba, tana jira da biro:
"Baba, yau ina ka kai su?"
Na faɗa mata.
Ta hau kujera ta nemo garin a taswirar bango
ta ɗiga masa ɗigo.
Turai duk ta yi baƙi da ɗigonta,
Legas ce kaɗai ba ta taɓa ba,
wai ai nan ba zuwa ake yi ba, zama ake yi.

Jibi Lahadi, in ruwa ya bari,
zan kwashe su mu je Marina
mu hau jirgin ruwan Apapa, mu je mu dawo.
Ba biza, ba awon kaya.
Zan yi sammako saboda layi,
don na san aikina:
yarinyar nan gefen taga za ta zauna,
ko da zan yi faɗa da wani.